WrestleMania: Wa Ke Ba Da Kambu, Wa Ke Biyan Kuɗin Bikin?

Duk inda aka kunna reslin, ba a rasa mutum ɗaya da zai ce, "Wallahi duk shiri ne," ba a kuma rasa wanda zai taso masa. Kamfanin WWE (WWF a wancan lokaci), mai shirya bikin WrestleMania na shekara-shekara, da kansa ya raba wannan gardama tun 1989, lokacin da ya shaida wa majalisar dokokin jihar New Jersey a Amurka cewa nishaɗi yake sayarwa, don a fitar da shi daga ƙarƙashin hukumar da ke sa ido kan gasannin motsa jiki da kuɗaɗen da take karɓa. Tun kafin a kaɗa ƙararrawa an san wanda zai ci. Faɗowa daga kan tsani da karayar wuya kuwa jikin mutum ne ke ɗauka, babu dabarar da ke hana ƙashi jin ƙasa.

To in an riga an san mai nasara, mene ne amfanin kambu? A filin kokawar Nijar wanda ya kai abokin karawarsa ƙasa shi ke ɗaukar takobi. A reslin kambu naɗi ne. Masu kamfani su zauna su zaɓi mutumin da fuskarsa za ta hau fosta, wanda sunansa zai sayar da tikiti da riguna, sannan a tsara labari na watanni da zai kai shi ga rawanin. WrestleMania ita ce babbar ranar naɗin, kuma mai son fahimtar tarihinta sai ya riƙa duba abu biyu a kowace shekara: wa ya zaɓi gwanin, kuma daga aljihun wa kuɗi suka fito.

Kafin shekarun 1980, reslin a Amurka rabe yake yanki-yanki. Kowane mai shirya wasa yana da jihohinsa da tasharsa ta talabijin, kuma akwai fahimtar juna cewa ba mai shiga gonar wani. Mafi yawansu suna ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna NWA da aka kafa a 1948. Yankin New York da kewaye na Vincent J. McMahon ne. A 1982 ɗansa Vince ya sayi kamfanin daga hannunsa, ya kuma yi watsi da waccan fahimta. Ya riƙa sayen lokaci a tashoshin yankunan wasu, yana ɗauke musu 'yan wasa da albashi mai tsoka. Babban kamun da ya yi shi ne Hulk Hogan, wanda ke jan jama'a a kamfanin AWA na Minnesota amma mai kamfanin, Verne Gagne, ya ƙi ɗora masa kambu. Hogan ya dawo wurin Vince McMahon a ƙarshen 1983, ranar 23 ga Janairun 1984 kuma aka ba shi kambun a kan Iron Sheik. Ko wata biyu bai yi da dawowa ba.

Shawarar yin gagarumin wasa ɗaya a shekara ba McMahon ne ya fara ta ba. Jim Crockett, abokin hamayyarsa na kudu, ya riga shi da Starrcade a Nuwamban 1983, wasan da Dusty Rhodes ke cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi, aka kuma haska shi a manyan allunan majigi a garuruwa daban-daban. Abin da McMahon ya ƙara shi ne jawo mutanen da ba ruwansu da kokawa. Ya haɗa kai da tashar waƙoƙi ta MTV da mawaƙiya Cyndi Lauper, ya ɗauko ɗan fim Mr. T.

Ranar 31 ga Maris 1985 aka yi WrestleMania ta farko a zauren Madison Square Garden, gaban mutum 19,121, sama da miliyan ɗaya kuma suka biya suka kalla a majigi a faɗin ƙasar. Muhammad Ali ne alƙali na musamman a wajen dandamali. Abin lura, ba a sa babban kambu a faifai ba a wannan dare. Hogan da Mr. T ne suka haɗu suka kara da Roddy Piper da Paul Orndorff, mutum biyu-biyu. Taurari aka sayar, kambu na rataye a gefe. McMahon ya zuba kusan duk abin da ya mallaka a wannan caca, da ta faɗi da wuya kamfanin ya ga shekara mai zuwa.

Ta biyu, wadda aka raba gida uku a birane uku a dare ɗaya, ba ta bar wani abin tunawa sosai ba. Ta uku ce ta kafa bikin. An yi ta ranar 29 ga Maris 1987 a filin Pontiac Silverdome da ke jihar Michigan, Hogan da André the Giant, ƙaton Bafaranshen nan da cutar da ke sa jiki ya yi ta girma ta riga ta cinye masa baya. An tallata shi a matsayin wanda ya shekara 15 ba a kayar da shi ba, wanda ba a taɓa ɗaga shi ba. Duk biyun ba haka ba ne, Hogan ɗin ma ya taɓa ɗaga shi a 1980, amma a zamanin da babu intanet wa zai tona? André da kyar yake tafiya, karawar kuma ba ta da wani armashi a idon masana. Sai dai lokacin da Hogan ya cicciɓe shi ya maka da ƙasa, filin ya kusa tsagewa, kuma wannan hoton ne kamfanin ke ci da shi har gobe. A ma'anar sana'ar, tsohon tauraro ne ya yarda ya kwanta don a tabbatar da sabo. Ba a naɗa kowa sai an samu babba da zai amince ya faɗi a gabansa.

Kamfanin ya ce mutum 93,173 ne suka shiga. Dave Meltzer, ɗan jaridar da ya fi kowa bin lissafin reslin, ya daɗe yana cewa adadin ya fi kusa da 78,000. Wannan hali bai bar su ba. A 2016 sun sanar da 101,763 a Texas, daga baya McMahon da bakinsa ya amsa cewa an haɗa da masu karɓar tikiti da masu nuna wa mutane kujera. Duk alƙaluman da aka faɗa a kan dandamali, a ɗauke su cikin wasan.

Da bikin ya yi ƙarfi sai ya zama makami. A ƙarshen 1987 Crockett ya shirya sa Starrcade a tsarin biya-ka-kalla na talabijin ɗin kebul. McMahon ya ƙirƙiro wani wasa, Survivor Series, ya sa shi a dare ɗaya da na Crockett, ya kuma gaya wa kamfanonin kebul cewa duk wanda ya nuna Starrcade ba zai samu WrestleMania ta gaba ba. Kusan dukkansu suka bi shi. Crockett ya rama da nuna Clash of the Champions kyauta a ranar WrestleMania ta huɗu, amma asarar ta riga ta yi masa illa. Kafin 1988 ta ƙare ya sayar wa Ted Turner, mai CNN, daga nan aka samu kamfanin reslin na WCW. A waɗannan shekaru ne, 1988 da 1989, aka yi bikin sau biyu a jere a Atlantic City da sunan gidan cacar Donald Trump. Shi ɗin ne dai ya dawo a 2007 ya aske wa McMahon kai ƙwal a tsakiyar dandamali bayan ɗan kokawar da ya tsaya masa ya ci.

Ba kullum lissafin McMahon ke fita daidai ba. A 1990 ya sa Hogan ya faɗi a hannun Ultimate Warrior a Toronto don ya gaje shi, Warrior ya kasa jan kuɗi kamar Hogan. A 1991 ya ɗauki Sgt. Slaughter ya mai da shi mai goyon bayan Iraƙi ana tsakiyar rikicin yankin Gulf, don Hogan ya zo da tutar Amurka ya ceci ƙasa. An shirya yi a filin da ke cin kusan mutum 100,000 a Los Angeles, aka ƙare a zauren mutum 16,000 da 'yan kai. Kamfanin ya ce dalilin tsaro ne, tikiti kuwa ba su sayu ba. Daga nan sai badaƙalar ƙwayoyin ƙara ƙwanji, wadda ta kai McMahon gaban kotun tarayya a 1994. An wanke shi, amma dole ya rage dogaro da masu kumburarren jiki, ya koma ga irin su Bret Hart da Shawn Michaels, waɗanda suka fi iya kokawar amma ba su kai Hogan jan jama'a ba. Hogan ya tsallaka WCW, kuma shirin WCW na daren Litinin ya yi mako 83 a jere yana gaban na McMahon a yawan masu kallo.

A tsakiyar wannan ƙunci aka yi karawar da, a ganina, ta fi kowacce nuna yadda sana'ar ke aiki. WrestleMania ta 13 ce, a 1997, kusa da Chicago, ɗaya daga cikin waɗanda aka fi ƙarancin saye. Bret Hart ya shiga a matsayin akta, Steve Austin a matsayin bos, kuma ƙa'ida ita ce sai ɗaya ya ce ya sallama. Hart ya murɗe ƙafafun Austin ya zauna masa a baya. Kyamara ta matso kan fuskar Austin, jini na gangarowa daga goshi yana bi ta tsakanin haƙoransa, yana dafa tabarmar dandamali da hannu biyu yana ƙoƙarin miƙewa, ya kusa, ya koma. Bai sallama ba, suma ya yi. Hart ya ci, amma ya ci gaba da dukan mutumin da ke kwance. Kafin su bar zauren jama'a sun juya, ana yi wa Hart ihu, ana kiran sunan Austin. An tsara hakan, amma an tsara ne saboda watanni ana jin 'yan kallo suna tafa wa bos ɗin. Shekara ɗaya bayan nan aka naɗa Austin a Boston, Mike Tyson na gefe, kuma daga nan kasuwa ta juyo. A Maris 2001 McMahon ya saye WCW, mako guda bayan haka ya yi WrestleMania ta 17 a Houston gaban mutum kusan 68,000, ba shi da sauran abokin hamayya. A 2002 sunan kamfanin ya koma WWE daga WWF, bayan ya sha kaye a shari'a da wata ƙungiyar kare namun daji mai irin haruffan.

Akwai daren da kamfanin ba ya son tunawa. A 2004 an rufe bikin na 20 da Eddie Guerrero da Chris Benoit rungume da juna, kowa da kambunsa, suna kuka. Guerrero ya mutu a 2005 da ciwon zuciya yana da shekara 38. A 2007 Benoit ya kashe matarsa da ɗansa sannan ya kashe kansa, binciken ƙwaƙwalwarsa kuma ya nuna mummunar illa irin ta yawan buguwar kai. Bayan wannan ne aka hana maka wa mutum kujerar ƙarfe a ka.

Wani abin mamaki a tarihin bikin shi ne, abin da ya fi daraja a cikinsa na tsawon shekaru ba kambu ba ne. Undertaker ya fara cin wasa a WrestleMania a 1991, ba tare da wani shiri na musamman ba. Sai da aka yi nisa aka lura bai taɓa faɗuwa a ranar ba, sai aka mai da abin labari. Ya ci 21 ba faɗuwa ko ɗaya. Kambu na sauya hannu sau da yawa a shekara, wannan kuwa ba a iya ƙirƙiro shi cikin gaggawa, kuma sau ɗaya tak za a iya kashe shi. Ranar 6 ga Afrilun 2014 a New Orleans McMahon ya kashe wannan tarihi a kan Brock Lesnar. Da alƙali ya buga na uku, dubban mutane suka yi tsit, ba a ma sa kiɗan Lesnar nan take ba. Har yau masoya na gardama ko Lesnar, wanda ya riga ya yi suna, ya cancanci wannan kyauta. Ni dai ina ganin da an ajiye ta ga matashi da ta fi amfani.

A wannan dare ne kuma 'yan kallo suka nuna ƙarfinsu. Tun 1993 al'ada ita ce wanda ya ci gasar Royal Rumble a Janairu shi ke neman kambu a WrestleMania. A 2014 kamfanin ya ba Batista, jama'a kuma Daniel Bryan suke so, ɗan ƙaramin mutum mai gemu wanda shugabanni ke ganin bai yi kama da gwani ba. Suka riƙa ɓata kowane shiri da ihu har aka sauya labarin, Bryan ya ci wasa biyu a dare ɗaya ya tafi da kambu. Amma a kan Roman Reigns McMahon ya kafe. Shekara huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018, yana sa shi a babbar karawa a matsayin akta, shekara huɗu ana yi masa ihu. Sai da aka bar shi ya zama bos a 2020, mai taƙama da shugabancin danginsa na Samowa, sannan aka karɓe shi.

Kofi Kingston ma jama'a ne suka tura shi. Haifaffen Kumasi ne a Gana, amma da ya shigo sai aka ce ya riƙa magana kamar ɗan Jamaika. Ya shekara 11 a kamfanin ba a taɓa kallonsa a matsayin mai babban kambu ba. A Fabrairun 2019 aka sa shi ya cike gurbin wani da ya ji rauni, ya yi abin da ya tashi zauren, daga nan ihu bai tsaya ba har aka ba shi kambun WWE a WrestleMania ta 35, ɗan Afirka na farko da ya riƙe shi. Ya kai kambun Gana har fadar shugaban ƙasa. A Oktoban shekarar, ranar da aka fara nuna wani shirin kamfanin a tashar Fox wadda ta biya maƙudan kuɗi, aka sa Lesnar ya karɓe shi cikin ƙasa da daƙiƙa goma. A bikin na 35 ɗin ne kuma mata suka rufe taro karon farko, Becky Lynch da Ronda Rousey da Charlotte Flair. Najeriya ma ta leƙo: a 2021 Apollo Crews, wanda asalin iyayensa Binuwai ne, ya ci kambun Intercontinental a wata karawa da aka kira faɗan gangunan Najeriya, aka jera ganguna da sanduna a gefen dandamali. Wannan al'ada dai a ofishin marubutan kamfanin aka haife ta. Omos, dogon nan haifaffen Legas, ya kara da Lesnar a 2023 ya faɗi.

Yanzu ga maganar kuɗi, wadda ita ce ta sauya komai a ƙarƙashin ƙasa. Shekaru kusan talatin, ribar bikin ta dogara ne kan gidaje nawa suka biya suka kalla. Mafi yawa shi ne na 2012, The Rock da John Cena, gidaje kimanin miliyan 1.2, a Amurka kowanne ya biya dala hamsin da wani abu ko fiye. A irin wannan tsari, in jama'a ba sa son gwanin da aka naɗa, aljihun kamfani ke ji. A 2014 WWE ta buɗe manhajarta ta intanet a kan dala 9.99 a wata har da WrestleMania. A 2021 ta sayar wa manhajar Peacock haƙƙin nunawa a Amurka kan kusan dala biliyan ɗaya na shekara biyar. A 2025 Netflix ta fara nuna shirin Raw a yarjejeniyar dala biliyan biyar ta shekara goma. Kuɗin na shigowa ko wasan ya yi daɗi ko bai yi ba. Annobar korona ta sa an yi na 2020 a ɗakin atisaye ba ɗan kallo ko ɗaya, aka raba shi dare biyu, da aka ga dare biyu na nufin sayar da tikiti sau biyu sai abin ya zauna. Birane kuma suka koma neman a kawo musu bikin, suna biya, saboda baƙin da ke cika otal-otal mako guda.

McMahon bai kai ƙarshen wannan tafiya a kujerarsa ba. A 2022 ya sauka bayan an bankaɗo miliyoyin dalolin da ya biya wasu mata don su yi shiru, ya dawo a farkon 2023 ya sayar da kamfanin ga Endeavor, masu gasar UFC, aka sanar washegarin WrestleMania ta 39. A Janairun 2024 ya sake sauka bayan wata tsohuwar ma'aikaciya ta maka shi kotu kan zargin cin zarafi, zargin da ya musanta. Saboda haka bikin na 40 a Philadelphia shi ne na farko da babu hannunsa, surukinsa Triple H ke tsara labari. A nan ma an so a ture Cody Rhodes a sa The Rock, jama'a suka yi ca, aka janye. Cody ya kayar da Reigns bayan kwana 1,316 yana riƙe da kambu. Cody ɗan Dusty Rhodes ne, mutumin Starrcade, wanda bai taɓa riƙe wannan kambu ba. Shekara ɗaya bayan nan a Las Vegas aka karɓe shi aka ba Cena, na 17 a rayuwarsa, don kafin ya yi ritaya ya wuce 16 da ake lissafa wa tsohon gwani Ric Flair.

A Satumban 2025 aka sanar cewa WrestleMania ta 43 a Riyad za a yi ta a 2027, karon farko a wajen Amurka da Kanada. Alaƙar ta faro ne a 2018 da yarjejeniyar shekara goma da hukumomin Saudiyya. A wasan farko a Jidda ba a bar mata sun hau dandamali ba, sai a ƙarshen 2019. A Nuwamban 2018, makonni kaɗan bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi, Cena da Bryan sun ƙi zuwa, kamfanin ya je abinsa. Mai biya a yanzu gwamnati ce, kuma abin da take so shi ne manyan sunaye da duniya ta sani, ko da sun tsufa. Mutanen da suka tilasta naɗin Bryan da Kofi da Cody su ne masu sayen tikiti suna bin bikin gari-gari da makogwaronsu, kuma ba duka ne za su iya ko za su so zuwa Riyad ba. Ga mai kallo a Kano ko Maraɗi kuwa akwai sauƙi ɗaya: wasan da aka saba farawa da ƙarfe 12 na dare a kai kusan asuba, Riyad awa biyu kawai ta fi mu, don haka da yamma zai kama.